Yadda Ake Buɗe Ofishin Tausayin Dabbobi a Kan Sirdin Keke

Daga Garwa zuwa Pitowa tafiyar kilomita 15 ce ko kusa da haka, a kan babbar hanyar da ta miƙe zuwa Figil da Marwa. Mai mota kan cinye ta kafin a gama karanta labaran duniya a rediyo. Mai keke kuwa sai ya ba ta kusan awa guda, kuma a cikin awar nan idonsa na faɗawa kan abubuwan da mai gudu bai san da su ba: jakin da igiya ta ci wa ƙirji, akuyar da ke taunar leda, kututturen da bara war haka itace ne mai inuwa. Wanda ya daɗe yana ganin irin wannan, wata rana zuciyarsa za ta ce masa ya yi wani abu. To, ga yadda ake yi, ba sai an sassaƙa hatimi ba, ba kuma sai an kama hayar ɗaki ba.

Da farko dai a samu keke. Ba lallai ne ya zama siririn nan na 'yan tseren Tour du Cameroun ba. Tsohon Raleigh ko Phoenix mai kariya a baya ya fi dacewa, domin ofishin gaba ɗayansa a kan kariyar zai zauna. Ana bukatar birki mai ci, ƙararrawa mai murya, famfo, sholisho da guntun tsohon tib, sai jarkar ruwa da ƙaramin kwano. Sholishon nan kada a manta da shi ko da an manta da hula. Tsidau na kwance a gefen hanya, ɗan mitsitsi mai tsini ta ko'ina, kuma ba ya sace iskar taya sai an yi nisa da mai faci na ƙarshe.

Sai lokacin fita. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40, saboda haka shugaban ofis, wato mai keken, ya kama hanya da an sallame sallar asuba, kafin hantsi ya dubi ludayi ya riga ya sami gindin itace. Da hunturu kuwa lissafin daban ne. Iskar daga arewa maso gabas take busowa, Pitowa kuma can take, don haka wanda ya taso daga Garwa da ita zai yi ta kokawa har ya isa, a dawowa kuma ita ce za ta riƙa tura shi kyauta. Mai dabara kan tafi wayam, ya dawo da kaya.

Hanyar ba tasa ba ce shi kaɗai. Akwai tirelolin siminti daga Figil, da motocin audugar Sodecoton, da manyan motocin da suka nufi Chadi. Da waɗannan ba a jayayya. Da an ji ƙuginsu a baya a sauka gefe, a rufe baki da hanci, a bar su su wuce da ƙurarsu. Garken shanu a tsaya masa cak, a sauke ƙafa ɗaya, a gai da makiyayi da Fillanci ko da "jam na" kaɗai aka iya. Babban darasi kuwa wajen akuya yake. Idan uwa ta tsallaka titi, kada mai keke ya saki birki yana cewa an wuce wurin. Ya dubi ɓangaren da ta baro, domin ɗanta na nan tafe a guje, bai ga keke ba, bai ga tirela ba, uwarsa kawai yake gani. Wanda ya koyi wannan ya ceci rai tun bai isa kasuwa ba, ya kuma ceci haƙoransa na gaba.

Akwai kuma ladabin zama da 'yan babur. Tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, fetur ɗin kwalba da ake kira zuwa-zuwa, wanda daga can ake shigo da shi, ya yi tsada a Garwa, kuma 'yan babur sun ji a jikinsu. Idan mai keke ya wuce ɗayansu yana tura babur, ya yi masa sannu da fuskar jaje. Murmushi a ajiye shi sai an yi gaba.

Ranar aiki ita ce Lahadi, ranar da kasuwar Pitowa ke ci, ga dutsen Tingilin ana hange. Fulani da Fali da Hausawa da sauran jama'a, kowa da kayansa, kuma wani kayan a bayan jaki ko a amalankensa ya zo. A nan ake gane wanda ya iya aiki. Sabon shiga yakan diro daga keke yana faɗa, yana nuna gyambon da ke bayan jaki, sai mai jaki ya ce masa ya je ya sayi nasa. Gwani kuwa jingine keke yake yi, ya yi sallama, ya tambayi gida da gajiyar hanya, ya tsiyaya ruwa a kwano ya ajiye gaban dabbar. Sai can ya ce, "Baba, wannan bawan Allah naka akwai ƙoƙari. Sai dai igiyar nan ta fara cin sa. Da za a naɗe ta da tsumma, a ƙara masa buhu a ƙarƙashin akumari, ai da ya daɗe yana yi maka aiki." In an dace, dattijon zai leƙa gyambon, ya kori ƙudajen da hannu, ya ce, "Ɗan nan, ka yi gaskiya, sauri ne ya hana ni lura." In ba a dace ba, ruwan dai jaki ya sha. Idan ciwon ya wuce na tsumma, a nuna wa mai shi hanyar likitan dabbobi. Ba a ƙasar da babu masana ake ba, tunda a Bokle, bayan garin Garwa, LANAVET take, cibiyar da ke haɗa alluran rigakafin dabbobi a Kamaru.

Kada mai keke ya raina wannan aiki, domin manyan ƙungiyoyin duniya ma da haka suka soma. A 1923 wata Baturiyar Ingila, Kate Hosali, da 'yarta Nina suka kafa SPANA bayan sun ga halin da jakuna da alfadarai ke ciki a Arewacin Afirka, uwar kuma ta riƙa bin kasuwanni da kanta tana wanke musu gyambo. Dorothy Brooke ta tarar da tsofaffin dawakin Yaƙin Duniya na Ɗaya suna jan kaya a titunan Alƙahira, daga ƙashi sai fata, ta tara kuɗi ta fanshi dubbai daga cikinsu, a 1934 ta buɗe musu asibiti. Musulmin Pitowa kuma ba baƙon zancen ba ne, tun yana makarantar allo yake jin labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare.

Jaki na da wata damuwar da ta fi gyambo. Ana dafa fatarsa a fitar da wani abu mai suna ejiyawo, wanda ake sayarwa da tsada a Sin a matsayin magani, kuma ƙungiyar Donkey Sanctuary ta ƙiyasta cewa ana yanka jakuna kusan miliyan 6 a shekara saboda shi. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016. A Fabrairun 2024 kuma shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da haramta yanka su don fata. Matar da jakinta ke ɗebo mata ruwa ba sai an yi mata dogon bayani ba: in aka sace shi, tulu kanta zai koma, ko kan 'yarta da ya kamata a ce tana aji. Shugaban ofis ya riƙe wannan labari da kyau, ya baje shi a teburin mai shayi, inda magana ta fi saurin yaɗuwa.

Wani ɓangaren aikin sai a bar wa manya. Yankin Arewa na Kamaru na da manyan gandun daji uku, Binuwai da Faro da Buba Njida. A Garwa kuma akwai makarantar horar da ma'aikatan namun daji da aka buɗe a 1970, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka da dama, ga ƙungiyoyi irin su WCS da AWF suna aiki a dazukan tare da gwamnati. Ba a shiga waɗannan wurare da famfo da kwano, kuma ɓauna ba ta san ƙararrawa ba. Amma abin da ya faru a cikinsu ya isa ya hana mutum barci. A farkon 2012 mafarauta a kan dawakai suka shiga Buba Njida suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin watanni kaɗan. Baƙin karkandan Afirka ta Yamma, wanda arewacin Kamaru ne mafakarsa ta ƙarshe a duniya, an neme shi a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar ya ƙare. Yaron da aka haifa a Pitowa bana sai dai ya gan shi a hoto. Rabon mai keke a nan kaɗan ne, amma nasa ne: ya ƙi sayen naman daji, ya ƙi kan ungulu ko da wace irin sa'a aka ce yana kawowa. Idan kuma ya tsaya kallon dorina daga gadar Binuwai, to ya tsaya a kan gadar.

Leda kuwa aikinsa ce kai tsaye. Tun Afrilun 2014 Kamaru ta haramta siraran ledojin da ba sa ruɓewa, amma duk wanda ya bi gefen kasuwa bayan ta watse zai gan su maƙale a ƙaya suna kaɗawa. A tambayi mahauci abin da yake tararwa a tumbin saniya: dunƙulen leda da igiya, baƙi ƙirin, wani ya kai girman ƙwarya. Dabbar na ci tana ramewa, mai ita na ta sayen magani. Abin yi shi ne a ɗaure kwando a kariya, a tanadi kwano mai murfi na ƙosai da tsire. Ranar farko mai tsire zai yi dariya. In aka jure, wata rana shi zai fara miƙo hannu ya karɓi kwanon.

Saura magana mai nauyi, wadda ta shafi keken kansa. Keke ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, amma yana cikin masu shigo da itacen girki da gawayi Garwa, buhu kan buhu har ba a ganin mai tuƙi. Wannan mutumin ba abokin gaba ba ne. Abincin yaransa yake nema, kuma tuwon gidan shugaban ofis ma da gawayin nan ake tuƙa shi. Idan aka tarar da shi a hawa yana nishi, a sauka a tura masa. Sai dai inuwar da dukansu biyu ke shan iska a ciki wani ne ya dasa. Dogon yaro asalinsa daga Indiya yake, kuma jerin da ke bakin titunan Garwa hannun mutane ne ya sa shi. Gwamnati ta yi nata yunƙurin da shirin Sahel Vert, wanda aka soma a shekarun 1970 zamanin Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa, aka kuma farfaɗo da shi a 2008. Dasawa ba ta da wuya, rayarwa ce aiki, kuma a nan jarkar kariya ke sake amfani, tun daga ɗaukewar ruwa har bazara ta wuce. A kuma kewaye dashen da ƙaya sosai, domin akuyar da aka ceci ɗanta da safe ita ce za ta fara zuwa duba ganyen da yamma.

Tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni ta zama Ranar Keke, 5 ga Yuni kuma Ranar Muhalli ce, kuma a daidai lokacin damina ta sauka a Garwa, ƙasa ta yi laushi. Mai karatu da kekensa ke jingine a zaure taya a sace, ya kai shi wurin mai faci, ya nemi dashen tsamiya ko mangwaro ko da guda ɗaya ne, ya kuma tanadi ƙayar shinge tun kafin ranar ta zo.