Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Birnin Sandy Springs

Zuwa ga Majalisar Birnin Sandy Springs, jihar Jojiya, ƙasar Amurka.

Na rubuto muku ne domin sunan garinku ya zama hujja a bakin masu gardama kan iyakar aikin hukuma, kuma yawancinsu rabin labarinku suke ɗauka.

A shekarar 2005 mazauna yankinku na arewacin Atlanta suka kaɗa ƙuri'a da gagarumin rinjaye suka kafa birninsu, saboda sun gaji da yadda gundumar Fulton ke sarrafa harajinsu. Maimakon ku cika ofisoshi da ma'aikata, sai kuka ba kamfanin CH2M Hill kwangilar kusan komai: gyaran tituna, kula da wuraren shaƙatawa, ba da izinin gini, har da amsa wayar mai ƙorafi. Gari mai mutane wajen 100,000 ya tashi da 'yan tsirarun ma'aikatan dindindin.

Ɓangarori biyu suka yi murna. Akwai mabiya Robert Nozick, wanda a littafinsa na 1974 ya ce aikin hukuma shi ne kare mutane daga zalunci da sata da zamba, da tilasta cika yarjejeniya, daga nan ta tsaya. Akwai kuma mabiya Murray Rothbard, masu ganin hukuma ba ta da amfani sam, har 'yan sanda da kotuna a bar wa kasuwa.

Sai dai abin da kuka aikata bai gaskata ko ɗaya daga cikinsu ba. A 2006 kun kafa rundunar 'yan sandanku da ta kashe gobara, kun riƙe su a hannunku; a ganina ikon kama mutum a tsare shi ya fi ƙarfin a sa shi a takardar kwangila. Haraji kuma ba ku daina karɓa ba. Titin da kamfani ya gyara, da kuɗin jama'a aka biya shi, kuma ku kuka yanke wane titi za a fara. Hannun da ke aikin ne ya canza, amanar tana wuyanku.

Abin da ya fi burge ni shi ne matakinku na 2019. Kun zauna kun yi lissafi, kun ga cewa ɗaukar ma'aikata kai tsaye zai rage muku kashe kimanin dala miliyan 14 cikin shekara biyar, sai kuka dawo da yawancin ayyukan gida. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da babu majalisar da jama'a suka zaɓa, wadda za su iya saukewa, wa zai duba littafin ɗan kwangila ya ce masa ya isa? Mai kuɗi zai iya sauya kamfani in bai gamsu ba, amma talaka ƙuri'arsa ce kawai makaminsa.

Saura magana ɗaya mai nauyi. Garinku na masu hali ne. Da kuka keɓe da harajinku, unguwannin kudancin Fulton, inda marasa ƙarfi suka fi yawa, sun rasa wani kaso na abin da ake raba musu. Sauƙin da kuka samu bai zama dalilin manta maƙwabci ba.

Don haka ina roƙonku, duk wanda ya zo koyon tsarinku ku ba shi labarin gaba ɗaya, da 2005 da 2019. Ku faɗa masa ya tanadi masu iya karanta kwangila da bin diddiginta kafin ya sa hannu, ya buɗe lissafi ga jama'a, kuma kada ya ba da aikin da ba zai iya karɓewa ba in ya lalace.