Masu Kyautar Kirsimeti a Nassarawa

Da Disamba ta raba tsakiya, hunturu ya kankama, sai kwandunan kyauta su fara yawo a Nassarawa GRA, an naɗe su da leda mai ƙyalli, ciki gwangwanin madara ne da biskit da lemon kwalba.

Oga mai kwando shi ne a sahun gaba. Kyautarsa ba ta san gangara ba, sama kawai take hawa. Manajan banki ya samu, babban sakatare ya samu, maigadin da ke kwana bakin get yana jin ɗumin wutar kara kuwa sai "Allah ya kai mu baɗi". Wanda aka kai wa kwandon ma ba buɗewa zai yi ba. Ya cire katin, ya maƙala nasa, ya tura gaba. Kafin 25 ga wata kwando ɗaya ya zaga Lamido Crescent da Sultan Road, ba mamaki ya komo gidan da ya fito, Oga ya yi ta yabon zaɓen wanda ya aiko.

Sai Madam mai hoto. Mako guda tana safa da marwa tsakanin Kantin Kwari da Ado Bayero Mall: leshi, takalmi, gashin kanti. Ranar 26 ta tuna da Gidan Marayu na Nassarawa, ta tafi da katan biyu na Indomie da mai ɗaukar hoto. "Yaro, matso, juya katan ɗin sunana ya fito." Ladan mai ɗaukar hoton ya ninka kuɗin taliyar.

Akwai wanda ya lodi shinkafa a Kasuwar Singa ya nufi garinsu don a san ya zo, kuɗin mai wanki da guga sai Janairu.

Mama, tsohuwar nas, ita ba ta da kati. Takan sayo kaji a Sabon Gari, ta sa Musulmi ya yanka don kowa ya ci, ta tuƙa shinkafa tun asuba, jikoki su bi gida-gida da kuloli, har rumfar mai shayi.

Namu kuma na ɓangaren Musulmi, Malam mai fatawa. Tun farkon wata yake kafa hujja a majalisa kan abincin Kirsimeti. Kular Mama na isowa ya gyara zama, sai da ya gama da cinyar kaza ya ɗago kai: "Af, wai wa ya yanka?"