Wilin Da Babu Wanda Ya Gurje

Akwai wata ƙara da duk mai mota a garin Bauchi ya san ta, ko da zai rantse maka bai taɓa jin ta ba. Ba ta kai fashewar taya firgitarwa ba, ba ta tara jama'a kamar karo. 'Yar gajeruwa ce, ƙurrr, kamar an ja gindin tukunya a kan siminti. Amma ta kunne take shiga, ta zarce har hanta. Wilin motarka ne ya gaisa da dakalin gefen titi.

Ni tawa ta same ni ne wata Asabar da hantsi a wajajen Wunti, na je sayen masa. Na hango ɗan wuri tsakanin wani keke napep da wata tsohuwar Golf, na karya sitiyari da hannu ɗaya irin na gwanaye, ɗaya hannun yana riƙe da waya a kunne. Sai ƙurrr. Abin da na yi daga nan shi ne abin da kowane ɗa namiji yake yi: na yi kamar ba a yi ba. Na kashe mota, na ci gaba da magana a wayar da tuni mai ita ya katse, na fito ina gyara zaman hula, ban ko waiwayi ɓangaren ba. Wani yaro mai tallan ruwan leda ne ya tona ni.

"Alhaji, ƙafar motarka ta gogu fa."

Ban taɓa zuwa Makka ba, mota ce ta ba ni Alhajin. Na ce masa, "Na sani, tsohon ciwo ne." Tsohon ciwon da ƙurar fentinsa take kwance sabuwa fil a jikin dakali.

Sai da dare, bayan isha'i, da na tabbata kowa ya shige ɗaki, na lallaɓa da fitilar waya na tsuguna. Ga shi nan, rabin da'ira, leɓen wili ya yi kaushi kamar ɓera ya kwana yana gwaguya. Na lakato yawu na goga. Duk wanda na sani da yawu yake farawa, kamar dai alminiyam kurjin yaro ne. Na sake gogawa da gefen riga. Sai ma ya ƙara fitowa ya yi ƙyalli.

A gaskiya ba mu saba da wannan masifa ba, shi ya sa take yi mana zafi. Da can gefen titi ƙasa ce, ita kuwa ƙasa mai yafiya ce: ka sauka, ka hau, ka yi kwana yadda ka ga dama, iyakaci ka bule mai shayi da ƙura. Yanzu gari ya ci gaba. An faɗaɗa tituna, an raba hannu biyu, ga gadar sama a Wunti, ga bulo an jera a gefe da tsakiya an shafe shi da baƙi da fari tun daga titin Jos har cikin gari. Mun yi murna, mun ɗauki hotuna mun tura wa 'yan'uwa a Gombe don su ji haushi. Babu wanda ya gaya mana cewa titi mai kyau yana zuwa da sharaɗi, wato a iya tuƙi.

Su ma motocin sun sauya hali. Fijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 wilin ƙarfe gare ta, baƙi, mummuna, an rufa masa asiri da murfi. In ya lanƙwashe, bakanike ya kwantar da shi a ƙasa ya ba shi guduma uku, ka kama hanyar Ningi. Ba a ma maganar manyan motoci da taraktocin da kamfanin Steyr ya harhaɗa a nan Bauchi. Irin wilinsu in ya gogi dakali, dakalin za a yi wa jaje. Yau kuwa kowa aloy yake so, mai yatsu biyar, mai ƙyallin da ake hango shi daga Gidan Mai. Kuma ba ya isarmu yadda ya zo. Motar da aka ƙera da wili mai inci 15 sai mun cire mun sa mata mai 17, don ta yi kama da ta yaran Abuja. To wili in ya girma dole taya ta sirance. Duba lambobin jikin tayarka: inda aka rubuta 195/65, lamba ta biyu tana nufin tsayin gefen tayar kashi 65 ne cikin ɗari na faɗinta, kusan santimita 13 ke nan na roba mai kumatu, wadda ita take fara cin karo da dakali ta kare wili. Mai 225/45 kuwa santimita 10 ne kacal, a miƙe, ba kumatu. Da kuɗinmu muka cire mai gadi, muka bar dukiya a bakin titi.

Washegari na nufi gareji. Mai gyaran wili dattijo ne, yana zaune a kan wata tsohuwar taya, kewaye da wilaye jingine da bango kamar marasa lafiya a layin ganin likita. Ya tsuguna, ya shafa wurin da babban yatsa, bai ɗago ba ya ce:

"Yallaɓai, wa ya yi wannan aikin?"

Na ji bakina ya ce, "Uwargida ce."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba shi amsar da ya riga ya rubuta. Ya ce tun yana yaron shago yake wannan sana'a, har ga shi da furfura, bai taɓa haɗuwa da mutumin da ya gurje wili ba. Kullum wanda aka gurje wa ne yake zuwa. Ya nuna wilayen da ke jikin bango ɗaya bayan ɗaya. Wannan uwargida ce. Wancan amarya ce, uwargidan ba ta tuƙi. Na kusa da shi ƙanin maigida ne da ya zo hutu daga jami'ar ATBU. Akwai na yaron wankin mota, wanda laifinsa kawai an ce ya ɗan matsar da ita inuwa. Akwai wanda mai keke napep ya matse, kuma in da za a tara wilayen da aka ɗora wa masu keke a garin nan, da sun isa a yi wa Bauchi sabuwar ganuwa. Wani babban ma'aikaci ma cewa ya yi dakalin ne aka gina ba daidai ba, ya shigo titi da yawa, kuma zai rubuta takarda.

Abin da ya fi ba ni dariya, bayan na gama jin kunya, shi ne yadda muke da baki biyu a kan tuƙin mata. In wili ya gurje, mace ce, ai ka san su da ribas. Ranar da za a sayar da motar kuwa, sai ka ji dillali yana rantsuwa: "Wallahi motar Hajiya ce, daga gida sai ofis, ba ta san wahala ba." A ƙara mata kuɗi saboda mace ce ta hau. Mace ɗaya, mota ɗaya: ranar gyara ita ta lalata, ranar ciniki ita ta adana.

Dattijon ya ce in lura, yawancin ciwon a ɓangaren dama yake. Dalili kuwa tsoho ne. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 da Najeriya ta yi canjin hannu, direba yana zaune a hagu, dakalin da zai tsaya a jikinsa yana dama, can inda ido ba ya kaiwa. Akwai madubin gefe da aka yi don wannan, amma namu ko dai a naɗe yake don tsoron 'yan acaɓa, ko an saita shi yana kallon fuskar mai motar. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan muna auna tazarar dama da tawakkali.

Daga nan aka shiga aiki, kuma a nan na gane sana'a ce ta gaske. Ya sa yaro ya kwance tayar, ya murza wilin a hankali yana kallon leɓensa, ya ga ko ya karkace. Ya ce ciwon wili iri uku ne. In kwarzana ce kawai, da sauƙi: a bi ta da sanfefa mai kaushi, a biyo da mai laushi, inda ya yi rami a cike da fila, a sake gogewa har yatsa ya wuce bai ji tuntuɓe ba, a fesa fentin ƙasa, a fesa ruwan azurfa, a rufe da mai ƙyalli. In ya lanƙwashe, magana ta girma, domin taya marar tiyub da leɓen wili take riƙe iska. Ka kwana da taya cike ka tashi tana zaune, sitiyari kuma ya riƙa rawa a hannunka da zarar ka wuce Yelwa ka ɗan taka. Shi aloy ba ya son guduma irin ta 504, sai an ɗumama shi an lallaɓa. Kuma munafuki ne a wuta: ƙarfe yana yin ja ya yi maka gargaɗi, alminiyam kuwa ba ya sauya fuska, yana nan fari har ya kai wajen digiri 660 ya zube maka kamar kunu. In kuwa ya tsage, ya ce shi ba ya taɓawa, sai mai walda irin ta alminiyam, ita ma ba kowace tsaga take karɓa ba. Wani sai dai a miƙa wa 'yan gwangwan, ya ƙare a hannun masu zubin tukwane, a dafa shinkafar biki a cikinsa.

Nawa ciwon irin na farko ne, alhamdu lillahi. Sai dai kafin fenti ya sha iska, majalisa ta haɗu. Ba a gyara a garin nan babu 'yan kallo, kuma kowane ɗan kallo injiniya ne. Wani ya ce da man goge baki na sa da ya fita. Wani ya ce ɗan'uwansa a Kano da injin ake yi masa, ba a ko gane wurin. Wani ya yi mini jaje sosai, har da "Allah ya kiyaye gaba, Allah ya mayar da alheri," kamar gobara na yi. Da aka ɗaura wilin, sai ga shi yana walƙiya kamar sabon kwano, sauran ukun sun yi duhu kamar 'yan uba. Majalisa ta yanke hukunci baki ɗaya: ba zai yiwu ba, kowa ya gani zai san an yi gyara, wanda ya san an yi gyara kuwa zai san an yi ɓarna. Sai a fente duka huɗun. Na zo da kuɗin cefanen kwana biyu, na tashi da bashin na mako.

Ana cikin kwance na baya ne dattijon ya kira ni gefe, ya rage murya.

"Yallaɓai, ka san shekarun tayar nan?"

Ya nuna mini wasu lambobi huɗu a gefenta, cikin ɗan zagaye: 3114. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. An yi ta a mako na 31 na 2014. Ta gama aikinta a Turai, ta yi ritaya, ta hau jirgin ruwa, ta zo ta sake kama aiki a ƙarƙashina. Gefenta duk ya yi tsaga-tsaga kamar diddigen manomi da hunturu, gadon bayanta ya yi sulɓi kamar kan jariri. Jami'an kiyaye haɗurra sun gaji da faɗa a rediyo kan irin waɗannan tayoyi, musamman lokacin zafi da kwalta take tafasa. Ya ce, "Kuɗin fentin nan da ka ƙara kaɗan, da ka sayi ko guda ɗaya mai lafiya."

Na dubi tayar, na dubi wilin. Tsagar taya sai an tsuguna ake gani, kwarzanar wili kuwa daga tsallaken titi ake hango ta, ranar Juma'a, a gaban surukai. Na ce a ci gaba da fenti, tayar sai ƙarshen wata. Bai yi mamaki ba. Ya ce haka kowa yake cewa, har da wanda man birkinsa yake ɗiga.

Na koma gida da ƙafafu huɗu masu ƙyalli, ina tafe a tsakiyar titi kamar mai ɗauke da ƙwai. In zan tsaya sai na bar tazarar da akuya za ta wuce da 'ya'yanta, masu keke suna zagi ina ba su haƙuri. Na ɗauka magana ta mutu.

Na manta Bauchi ba ta da girma. Ashe ɗaya daga cikin injiniyoyin majalisa mijin ƙawar ƙanwar uwargida ne. Kwana huɗu labari ya yi a hanya, ya bi ta wani gidan suna a Fadaman Mada, ya iso gidana da magariba. Na tarar da ita a tsakar gida, ta ajiye mini abinci, ta zauna a gefe tana murmushin da na fi tsoro fiye da faɗa.

"Malam, ashe na iya tuƙi ban sani ba?"

Na ce wane irin tuƙi kuma.

"Yau mata uku suka yi mini jaje. Wai na gurje maka mota a Wunti. Ɗaya har tana cewa ashe an saya mini mota ban gaya musu ba, don kar a ce a ara." Ta miƙo hannu. "Tunda gari ya riga ya shaida, ba zan ƙaryata mijina ba. Kawo makullin."

Matar da ko kujerar direba ba ta taɓa zama ba. Na yi 'yan kame-kame, na kawo tsadar mai tun da aka cire tallafi a 2023, na kawo cunkoson kasuwar Muda Lawal. Ta ce ko makulli, ko ta koma gidan sunan ta gyara labari. Na auna biyun. Mako shida muna zuwa wani filin makaranta da yamma, ina gefe ina salati, tana zagaya duwatsun da yara suka jera mata a madadin dakali.

Yanzu ita take kai ni sayen masa ranar Asabar. Ina zaune a dama, daidai saman wilin, kuma daga nan ne na fara ganin dakalin nan da kyau a rayuwata: ƙato, mai baƙi da fari, ko makaho ya laluba zai same shi. Makon jiya ta shiga wurin nan dai da na yi ɓarna, ta sauke madubi, ta duba, ta yi baya kaɗan, ta tsaya. Na buɗe ƙofa na leƙa. Tazarar yatsu huɗu, ba ƙari ba ragi. Ta zare makulli ta jefa a jaka, ta dubi dakalin, ta dube ni.

"Wai Malam, duk girman abin nan, garin yaya ka goge shi?"

Na ce mata mai keke ne ya matse ni.