Kuɗin Gudu da Kuɗin Birki

A shekarar 2000, duk wanda ya mallaki modem mai gudun 56k yana da ikon karkata hula. Ni ma na matse albashi na sayo nawa, na bar kwalinsa a kan tebur yadda duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya.

Buƙatata ɗaya ce: in riƙa tura wa Kawu rubutun da zai buga a shagonsa na ɗab'i, daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta layin tarho. Modem ɗinsa tsoho ne tukuf, mai gudun 14,400, murfinsa har ya yi ruwan ƙasa don ƙura.

Sai in buga lamba, a ji kiii, ƙurrr, shiii, sai ɗif. Allo ya rubuta NO CARRIER. Na sauya waya, na hure soket, na zare tarhon falo, na kafa wa Uwargida dokar hana taɓa kan waya. Na zargi damina da jiƙa layi. Da zargi ya ƙare, na shawarci Kawu ya jefar da gwangwaninsa.

"Ɗana," in ji shi, "da na kowa yake magana lafiya lau. Sai da naka ya zo gari."

Yaron shagonsa, wanda ko gemu bai fara ba, shi aka turo mini. Ya ce, "Yallaɓai, kukan nan gaisuwa ce. Kowanne yana faɗa wa ɗan'uwansa gudun da zai iya." A ƙa'ida sabo kan sauko har inda tsoho yake. Amma wasu tsofaffin, da sun ji baƙon sauti sai su rikice su katse kira, kamar dattijon da yaro ya gaida a tsaye, hannu cikin aljihu.

Ya buga AT&F, ya mayar da modem ɗina yadda ya fito daga masana'anta. Ya ƙara da AT+MS=V32B, wato ya tilasta masa yaren tsofaffi. Aka buga lamba: CONNECT 14400.

Ina cikin haɗiye wannan, ya ƙaro mini wani. Tsarin V.90, wanda hukumar ITU ta tsayar a 1998 don raba gardamar x2 na US Robotics da K56flex na Rockwell da Lucent, ba ya ba da 56k sai idan ɗaya ɓangaren kamfanin intanet ne mai layin dijital. Modem biyu na gida, ko duka jiya aka ɓare su a leda, iyakarsu 33,600.

Ya miƙe ya sosa ƙeya, na lalubo na goro na ba shi. Na biya kuɗin gudu a kanti, na biya na birki a ɗakina. Kawu kuwa ko sisi bai kashe ba, kuma labarin ya riga ni isa wajen taron suna na dangi.