Talibambam a Gidan Matatar Iska

Surukina, wanda muke kira Baba, yana da wata a-kori-kura, Hilux mai shan dizal, wadda ta girmi matata. Duk unguwarmu a Garwa an san ƙararta kafin a ga ƙeyarta. Ta yi dakon auduga zamanin da Baba yake hulɗa da kamfanin Sodecoton, ta ɗauki siminti daga Figil, ta kai amare da gawarwaki, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Wannan tarihin nata Baba yakan karanta wa duk wanda ya zo aro, kuma ni ma sai da na saurare shi a durƙushe kafin ya miƙo makulli.

Ranar Lahadi ce, cikin watan Agusta, ranar kasuwar Pitowa. Da na tsaya kan kwalta da babu labari, don tsakanin Garwa da Pitowa tafiya ce ta 'yan mintoci. Sai dai masarar da zan ɗauko tana wani ƙauye can ciki, kuma akwai mayo a tsakani, irin rafukan nan da rani yashi ne zalla, da damina kuma su tuna su 'ya'yan Binuwai ne. Wani yaro mai kiwo ya tabbatar min ruwan iya gwiwa ne. Bai faɗi gwiwar wa ba.

Na sa giya ta biyu na danna da ƙarfi, domin na taɓa jin cewa gudu shi ne maganin ruwa. A tsakiya motar ta yi wani tari guda, ta yi tsit. Jama'a suka taru, Allah ya saka musu, muka turo ta tudu. Na murɗa makulli: ƙwas. Na sake: ƙwas. Na ci gaba da murɗawa, saboda mutum ba ya yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji.

Nan take bakin mayo ya zama asibiti. Wani mai babur ya ce batir ne, aka ciro na wata mota aka jona, ƙwas ɗin ya ƙara kauri kawai. Wani ya ce man zuwa-zuwa na sha, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya a jarkoki, na ce masa wannan dizal take sha, ya ce to shi ya sa. Wani dattijo ya ja ni gefe ya tambaye ni da Fulatanci ko na yi sallama kafin in shiga ruwan. Daga ƙarshe aka yanke shawarar turi. Majiya ƙarfi suka kai ta gangare, na saki kuloci, tayoyin baya suka ƙame suna jan ƙasa, ƙirjina ya gaisa da sitiyari. Wani ya ce, "Alhaji, injin ya buga." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a ranar na gane ana ba mutum wannan laƙabi ne idan an hango zai kashe kuɗi.

Washegari aka ja mu da igiya zuwa wani gareji a Garwa, ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Bakaniken ya tambaye ni me ya faru. Na ce ina tafiya kawai ta tsaya. Wannan ai ba ƙarya ba ce.

Bai taɓa makulli ba ma. Ya ce a sa giya a firi, ya ɗauko sifana mai dogon hannu ya ɗora a kan babbar ƙusar da ke gaban karanshaf, ya danna. Ta ƙi. Ya juya ta baya, sai ta ɗan motsa kamar taƙi guda, ya dawo gaba ta sake cijewa. Ya yi wani murmushi da ban so ba. Ya ce injin da ya ƙone don rashin baƙin mai, wanda ƙarfe ya narke ya manne da ƙarfe, ba ya motsi ko ta ina. Wannan kuwa yana komawa baya, ke nan akwai abin da ya tare wa fistin hanya daga sama.

Duk da haka bai yi gaggawa ba, kuma a nan na fara girmama shi. Ya sa yaronsa ya cire fanbel, don wani lokaci altaneto ne ke cijewa ya riƙe inji duka, mai mota ya je ya sayi sabon inji a banza. Ya kwance kik ya duba ko haƙoransa sun maƙale a filawil. Lafiya lau. Ya zaro sandar awon baƙin mai: ba ƙurar ƙarfe, amma man ya haura alama, kuma launinsa ya koma kamar shayi da madara.

"Malam, ka ce a kan hanya ta tsaya?"

"A kan hanya."

"Busasshiya?"

Na ce ai damina ce, babu inda yake busasshe sosai.

Sai ya buɗe gidan matatar iska. Takardar ta jiƙe sharkaf, a ƙasa ruwa ya kwanta, a cikin ruwan kuma ga talibambam yana iyo cikin ƙoshin lafiya. Yaran gareji suka yi ta leƙe ɗaya bayan ɗaya. Wani ya kawo gwangwanin tumatir aka sa shi a ciki.

Bayanin da ya yi min ya fi na makaranta. Injin dizal yana matse iska ne ninki ashirin da wani abu har ta yi zafin da za ta kunna mai da kanta. Iska tana yarda a matse ta, ruwa kuwa ba ya yarda. Fistin ya taso ya tarar da ruwa, dole ɗayan biyu: ko inji ya tsaya cak, ko sandar da ke tura fistin ta lanƙwashe. Ya tambaya ko an yi ta murɗa makulli bayan ta mutu, ko an tura ta. Na ce jama'a sun yi abin da suka ga dama.

Ya kwance fulogan hita huɗun ya ce wa yaro ya buga kik. Ni kuma, a matsayina na wakilin mai mota, na sunkuya in ga aiki da idona. Ruwan mayo mai haɗe da baƙin hayaƙi ya fito ta ramukan nan ya same ni daga hula har aljihun riga. Farar shadda ce.

An canza mai da matatarsa har sau biyu, motar ta tashi, amma da wata 'yar rawa da farin hayaƙi da ba ta da su a da. Da ya gwada matsin kowace silinda, ɗaya ta yi ƙasa: sanda ta lanƙwashe. Sai an sauke inji, sai an aika Yola ko Mubi neman kaya.

Bayan magariba na je na durƙusa gaban Baba, na fara da gaisuwa mai tsawo. Ashe yaron gareji jikan abokinsa ne, kuma gwangwanin tumatir ɗin yana ajiye kusa da butarsa.

Ya ce, "Da can jiragen ruwa daga Najeriya sukan hauro Binuwai har tashar Garwa, daidai irin wannan wata. Na ɗauka an daina. Wane matuƙi ne ya koya maka?"

Na ce, "Baba, wani yaro mai kiwo ne ya ce iya gwiwa."

Ya ce kuɗin gyara mu raba biyu: ni in biya, shi ya yi addu'a.