Rabe-raben Mahalarta Gwanjon Tsofaffin Motoci

Gwanjo hanya ce ta ciniki wadda ake baje haja a bainar jama'a, masu bukata su yi ta ɗora tayi bisa tayi har a sallama wa wanda ya fi kowa nauyin aljihu. A ƙasashen Turawa tsohuwar motar tsere tana cikin hajojin da suka fi tsada a wannan fage, domin a shekarar 2016 kamfanin RM Sotheby's ya sayar da wata Jaguar D-Type ƙirar Ingila a garin Monterey na Amurka kan dala miliyan 21.78, saboda ita ce ta lashe tseren Le Mans na 1956, wato gasar da motoci ke shafe awa 24 suna zagaye fili guda a Faransa. A Azare kuwa, hedikwatar masarautar Katagum, gwanjon da aka sani shi ne na motocin hukuma da suka gaji, irin su Land Rover da Peugeot 504 haɗin Kaduna, kuma tambayar da ake yi wa mota ita ce ko za ta kai buhunan gero Gamawa ta dawo da ƙafarta. Duk da bambancin farashi, mahalarta irin wannan taro ba sa wuce kashi bakwai.

Na farko shi ne masanin nasaba, wanda bai taɓa ganin Land Rover ba face ya tabbatar cewa a cikinta Di'o, wato jami'in mulki na zamanin Turawa, ya riƙa fita rangadi. Idan ya sami masu saurare yakan ƙara da cewa ita ta kwaso kayan fada lokacin da sarauta ta taso daga garin Katagum zuwa Azare a 1916, kuma ba ya jin komai idan aka tuna masa cewa sai a 1948 aka fara ƙera Land Rover, sai dai ya ce wannan tun kafin nan aka yi ta.

Na biyu shi ne bakanike mai kushe, wanda yakan ɗaga murfin inji, ya tsoma yatsa cikin baƙin mai, ya murza, ya shinshina, sannan ya girgiza kai irin na mai zuwa ta'aziyya, ya sanar da jama'a cewa inji ya buga kuma lagireto yana yoyo. Mai lura zai ga cewa yaron garejinsa yana can bayan taro yana ɗaga hannu a madadinsa.

Na uku shi ne mai tayin ganin ido, wanda yakan zo da babbar riga ta shadda mai sitati, ya zauna a sahun gaba, ya riƙa ninka tayin kowa da murya mai ƙarfi domin a san yana gari. Da zarar abokan hamayya sun yi shiru, mai gwanjo kuma ya ɗauko ƙararrawa zai kaɗa alamar sallamawa, sai wayarsa da ba wanda ya ji ƙararta ta bukaci a amsa ta a waje, kuma kiran kullum daga Bauchi ne.

Na huɗu shi ne dillali, wanda abincinsa la'ada, wato ɗan kason da ake ba mai haɗa ciniki, kuma a bakinsa babu motar da ke da ciwon da ya wuce rashin batir. Ko da an same ta ɗore bisa duwatsu babu taya ko ɗaya, kaza kuma tana kwanci a ƙarƙashin kujerar direba, zai rantse cewa lafiyarta ƙalau, hutu kawai take yi.

Na biyar shi ne mai burin gyara, wanda ya ji labarin yadda Turawa ke mayar da akwala sabuwa fil, ya saya da niyyar fita da ita ranar Sallah. Sai dai ya biya fanel bita, wato mai buga jikin mota, rabin kuɗi, ya aika Kano neman kayan gyaran da aka daina ƙerawa, daga nan sai motar ta tare a gindin darbejiya a ƙofar gidansa, awaki su gaje inuwarta, shi kuwa duk wanda ya tambaya yakan ce saura fenti.

Na shida shi ne ɗan gwangwan, mai sayen ƙarafan da suka mutu, wanda ba ruwansa da inji balle tarihi, illa ya zagaya motar sau ɗaya yana ƙiyasta nauyinta a zuci. Ba ya gardama, ba ya kirari, kuɗinsa a ɗaure suke cikin aljihun 'yar shara, kuma sau da yawa shi ake sallama wa, kafin la'asar motar ta zama gunduwa-gunduwa a bayan babbar mota mai zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano.

Na bakwai shi ne tsohon direban motar, wanda yakan tsaya gefe da carbi a hannu, ba shi da kuɗin tayi, ba a kuma neman shawararsa. Shi ya san cewa giya ta uku tana zamewa a kan hawa, ƙofar baya da waya aka ɗaure ta, injin kuwa garau yake, kabureta ce kawai ta toshe, wadda gyaranta bai kai kuɗin rago ba. A taron kaf shi kaɗai ne ba ya cin riba da ƙarya, don haka shi kaɗai ne maganarsa ke da amfani.

Saboda haka duk wanda zai shiga gwanjon mota, ya bar masanin nasaba da labarinsa, ya gaisa da dillali daga nesa, ya nemi tsohon direba ya saya masa goro kafin ya ɗaga hannu.