Yadda Za Ka Gyara Giyabos ɗin Tsohuwar Tarakta a Zaurenka

Idan kana da tsohuwar tarakta ta hannu, irin mai taya biyu da mutum ke bin ta a baya yana riƙe da ƙahonninta, kuma ta fara tofar da giya ta biyu duk sa'ad da garma ta kama ƙasa, kada ka yarda a ruɗe ka da zancen gareji. Kana da zaure, kana da guduma, ka kuma taɓa tsayawa kusa da wani yana gyaran injin ban ruwa a bakin tafkin Kalmalo. Wane ilimi ya wuce wannan? Ga matakan da mutumin Illela zai bi.

1. Zaɓi lokaci

Matsorata suna buɗe giyabos lokacin da babu aikin gona. Kai jira har irin albasarka ya isa dashe, maƙwabtan fadama sun gama yin fangali, sannan ka ɗauko sifana. Ka tabbata hunturu ya kankama, iska na kwaso ƙura daga arewa. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar boris, don haka barin akwatin a buɗe kwana uku zai ba ka damar sake wannan aikin baɗi, hannunka ya ƙara faɗawa.

2. Tara kayan aiki

Kana buƙatar sifana mai lamba 10, 13, 14 da 17, da filaya, da sukudireba, da kananzir na wanki. Wadda babu, ka aro wurin mai faci, ka ce yanzun nan za ka dawo da ita. Shi ma haka ya ce wa wanda ya ara masa. Idan notin ya ƙi kowace sifana, wataƙila injin na Ingila ne, da inci aka auna shi, ba da milimita ba. Kada wannan ya dame ka. Filaya za ta cinye kusurwoyinsa shida har ya zama zagayayye, daga nan sai mai walda.

Abin tarar mai kuwa, akwai shi a ɗakin uwargida. Zaɓi tasa mai faɗi, wadda take ji da ita. In ta leƙo ta ce, "Malam, tasata hwa?" ka amsa da cewa za a wanke. Ba za ta wanku ba, amma ka faɗa.

3. Zubar da tsohon mai

Kwance notin ƙasa, ka bar man ya tsiyaye. A nan ne giyabos ke faɗin gaskiya. Ciro maganaɗisu daga lasifikar tsohuwar rediyo, ka ja shi cikin tasar. In ya fito da garin ƙarfe mai laushi, tsufa ne kawai. In ya fito da gutsure mai girman ƙwayar masara, wani haƙori ya bar gida. In man ya yi fari-fari ya yi kauri, ruwa ya shiga, ka tuna ranar da ka ratsa kududdufi kana nuna wa mutane bajinta. In kuwa ka kwance notin babu abin da ya ɗigo, ka gano cutar tun ba ka buɗe majinyacin ba.

4. Buɗe akwatin

Masu hankali suna ɗaukar hoto da waya kafin su zare kowane abu. Suna jera giya da wosha a kan wayar ƙarfe ɗaya bisa tsarin da suka fito, suna kuma soka notocin murfi a kwali, domin ba tsawonsu ɗaya ba. Kai ba ka buƙatar duk wannan, Allah ya ba ka ƙwaƙwalwa. Zuba komai a tabarma, za ka tuna.

Sai dai ka kula da abu guda. A jikin sandar da ke tura giya akwai wani ɗan ƙwallon ƙarfe da sifirin a bayansa. Shi ne ke riƙe giya a inda ka sa ta, kuma sau da yawa gajiyar sifirin ɗin nan ce, ko cinyewar cokalin da ke tura giyar, ke sa ta fita da kanta. Da zarar ka zare sandar, ƙwallon zai yi tsalle. Za ka ji ƙas a jikin ƙyaure, daga nan ba kai ba shi. Tara yaran gida, ka yi alkawarin naira ɗari ga wanda ya gano shi. Ka kuma sa ido a kan zakara, domin tun ɗazu yake kallonka da wani irin natsuwa.

5. Karɓi 'yan ba da shawara

Ba sai ka aika ba, ƙarar guduma za ta kira su. Na farko zai tsuguna, ya ɗaga giya ɗaya ya juya ta, ya ce, "Alhaji, wanga abu ya mutu tun tuni." Na biyu zai ce a zamanin da ake haɗa Steyr a Bauchi ba a san irin wannan lalacewa ba, ko da yake bai taɓa hawa ko ɗaya ba. Na uku ba zai ce komai ba, sai girgiza kai, kuma shi ne zai fi cin gyaɗar da ka sayo. Kowannensu zai ɗauki wani abu daga tabarma ya ajiye a wani wuri dabam. Gode musu. Yanzu ko tsarin da ka ɗan tuna ya bi iska.

6. Fita neman kaya

Kowane boris yana da lamba a gefensa, kamar 6204 ko 6205. Lambar ita ce komai: 6205, alal misali, raminsa milimita 25 ne, faɗinsa 52, ko a Sin aka ƙera shi ko a Jamus. Mai wayo yakan tafi da tsohon a aljihu. Kai ka bar shi gida, ka nuna wa mai shago girmansa da yatsu.

Fara da kasuwar Illela ranar Lahadi, inda za ka kutsa tsakanin shanu da raƙuma kana cigiyar ƙarfe. In ba a dace ba, ga Ƙonni nan kusa. Sai dai ka fara tambaya ko iyaka a buɗe take. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. Wato wanda ya kwance giyabos a ranar da ba ta dace ba, yana iya shekara yana kallon ganimarsa a tabarma. In a buɗe take, ka canji sefa, ka ga yadda damin nairarka zai koma 'yan takardu biyu.

Daga nan sai Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 80 ta Gwadabawa. A can wani zai ce maka irin wannan giya sai Ƙofar Ruwa a Kano, na Kano kuma ya ce ka gwada Panteka a Kaduna. Kada ka lissafa kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, irin wannan lissafi hawan jini yake jawowa.

7. Mayar da komai

Wanke kowane ƙarfe da kananzir, ka shanya a kan tsumma mai tsabta, wato rigarka ta Juma'a da ta fi kusa. Sabon boris ana ɗumama shi cikin mai mai zafi, sai ya ɗan buɗe ya zauna a kan sandarsa salin-alin. In dole sai an buga, a ɗora bututu a kan zoben ciki, a bi a hankali. Amma mai guduma ba ya son dogon bayani: kai masa ɗaya a zoben waje, ka kashe shi tun bai fara aiki ba.

Robar da ke tare mai, leɓenta ciki yake kallo. Juya ta waje, za ka san duk inda taraktar ta bi ba sai ka tambaya ba. Fakin murfi kuwa, ɗora kwalin sabulu a bakin akwatin, ka bi gefen da ƙananan bugu har ya yanku daidai. Kafin ka rufe, juya sandar da hannu, ka gwada kowace giya. Sannan ka zuba man giya mai lamba 90 har ya kai ramin gefe. Wani zai ce baƙin man da aka juye daga babur ma ya isa. Ba shi gyaɗa, kada ka ba shi amsa.

8. Ragowar kaya da gwaji

Bayan ka ɗaure noti na ƙarshe, za ka ga wosha biyu da wani siririn zobe a gefen tabarma. Sa su a aljihu, ka sanar da jama'a cewa masu ƙera injin almubazzarai ne. Siririn zoben nan shi ke hana sanda kai-komo, amma zai yi maka bayanin kansa nan gaba.

Fito da taraktar fili, nesa da katanga, nesa da turken akuya, kada yaro ya tsaya gaba ko baya. Tayar, ka sa giya ta ɗaya. In ta yi gaba, yi hamdala. In ta yi baya, ka ce da ma ribas kake gwadawa. In ta yi ƙara ta tsaya cik, zuba komai a buhun albasa, tunda bana babu abin sa masa, ka jira duhu ya yi, ka kai wa bakanike. Zai buɗe buhun ya tambaya, "Wa ya taɓa shi?" Ka ce wani yaro ne.

Ko yaya ta kaya, ba ka yi asara ba. Daga yau, duk zauren da aka ji ƙarar guduma tsakanin Araba da Kalmalo, kana da hurumin shiga ka tsuguna, ka ɗaga giya ka girgiza kai. Ka je da wuri, kafin gyaɗa ta ƙare.